Aljihu Goma Sha Ɗaya

Ni na ɗinka rigar Bawuro.
A shagona, bayan tashar Garwa, da keken nan mai tari,
yadi takwas na shadda ruwan toka,
aljihu goma sha ɗaya, babu wanda ido ke gani.
Ɗaya a ƙarƙashin hammata, na ƙwai.
Ɗaya a bakin hannu, siriri, na allura da zobe.
Wani can cikin kalmasa, daidai faɗin takardar jaka.
Da ya zo karɓa ya laluba su da yatsa,
ya biya ni sau biyu: kuɗin ɗinki, kuɗin baki.

Ran Lahadi a kasuwar Pitowa
sai in ga aikina yana yawo cikin taro.
Ya cafki iska, ƙwai ya bayyana a tafinsa.
Ya haɗiye allura bakwai, ya zaro su a zare guda.
Ya dubi wata mai kifi ya ce,
"Mijinki Hamajoda, ƙafar hagu ke hana shi barci."
Ta saki faranti tana salati.
Ni kuwa na san yaron da ya yi kwana uku yana cinikin kifinta,
yana wasa, yana tambaya, kunne a buɗe kamar bakin buhu.

Masu cewa aljanu, masu cewa gadon kakarsa ne.
Wani malamin makaranta ya ce dabo ne zalla,
saura kaɗan a fasa masa tabarau.
Ina gefe ina tauna goro,
ina duban ɗinkina, ko ya saki.

Sai damina ta cika Lagdo har ya batse.
Ƙanena Ilu ya tura kwalekwale da asuba,
da komarsa da ƙullin gari.
Kwana tara, ba shi ba kwalekwalen.
Jandarma sun rubuta sunansa, sun rufe littafi.
Masunta suka ce dorina, wasu suka ce iska.
Inna ta daina taɓa tuwo.

Daren na goma ƙafata ta kai ni ƙofar Bawuro,
ni da na san kowace kafa ta rigarsa.
Ga ta a rataye a ƙusa, a saɓule kamar fatar layya,
shi yana zaune da singileti, yana tsoma burodi a shayi.
Ashe tsoho ne. Ashe ƙanƙani ne.
Na ajiye jaka biyar. Na ce, "Duba mini."

Ya daɗe yana kallon kuɗin.
"Tela," ya ce, "kai ka ɗinka su.
Wanne ne aljihun da ke cin mutum?"
Ya turo su da bayan cokali.
"Da ina gani, da na ga ranar da za a kai matata asibiti
in dawo da zanenta kaɗai.
Je ka sayi mai, ka nemi jirgi mai inji.
Ku bi gaɓar gabas, can ruwa ke kai abin da ya ɗauka.
Ba duba ba ne. Ubana masunci ne."

Can muka same shi, a bukkar wasu masu banda,
ƙafa a karye, zazzaɓi ya cinye masa murya,
da ransa.

Kafin Juma'a gari ya ɗauka:
Bawuro ya hango Ilu a cikin ƙwaryar ruwa.
Na rantse ban ga ƙwarya ba, kofin shayi na gani.
Aka ce tela bai san alheri ba.
Inna ta aika masa da jan zakara,
layin ƙofarsa ya kai har bakin famfo.

Jiya ya kawo rigar, aljihun ƙwai ya yage.
Bai dube ni ba, ban dube shi ba.
Na sa zare mai kauri, na bi ta sau biyu.
Kuɗin ɗinki ban karɓa ba.
Na baki kuwa, ga shi na ci amanarsa a takarda,
kuma na san ran Lahadi kasuwa za ta cika.